GNOME ko KDE Plasma: wace fuska za ka ɗora wa kwamfutar da Windows 11 ta ƙi?

Tun da Microsoft ta daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, kwamfutocin da ake kawo mini in duba kusan duk labarinsu ɗaya ne. Kwamfuta ce ta hannu, lafiyarta ƙalau, batirinta na riƙe caji, amma Windows 11 ta ƙi hawa kanta. Windows 11 tana neman wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, tana kuma son furosesa na Intel daga zubi na 8 zuwa sama, ko takwaransa na AMD. Da yawa daga cikin kwamfutocin da muke saye a Beirut Road a Kano da sauran kasuwanni irinta ba su kai nan ba. Microsoft ta buɗe wa masu Windows 10 ƙarin wa'adin tsaro har zuwa Oktoban 2026, amma jinkiri ne kawai.

Shi ya sa mutane suka fara tambayar Linux, wani tsarin tafiyar da kwamfuta da ake ɗorawa a madadin Windows. Da zarar mutum ya yarda zai gwada, sai wata tambaya ta taso wadda mai Windows bai taɓa cin karo da ita ba. A Windows, injin da fuskar abu ɗaya ne, abin da aka ba ka shi ke nan. A Linux kuwa fuskar daban take, kai za ka zaɓa. Manyan biyun da za ka fi haɗuwa da su su ne GNOME da KDE Plasma, kuma bambancinsu ya wuce na launi da ado. Kowacce tana da nata ra'ayin kan yadda ya kamata mutum ya zauna gaban kwamfuta ya yi aiki.

KDE ce yayar. Wani ɗalibi Bajamushe, Matthias Ettrich, ya fara ta a 1996 yana jami'ar Tübingen. Shekara guda bayan nan, a 1997, Miguel de Icaza da Federico Mena suka kafa GNOME a Meziko, saboda a lokacin kayan ginin da KDE ke amfani da shi, wato Qt, lasisinsa bai zama na kowa da kowa ba. Wannan rigimar ta daɗe da mutuwa. Ainihin rabuwar hanya ta zo ne a Afrilun 2011, da GNOME 3 ta fito ta zubar da kusan duk abin da aka saba da shi tun zamanin Windows 95. Mutane sun fusata ƙwarai. Linus Torvalds da kansa, wanda ya ƙirƙiri Linux, ya bar ta ya koma wata fuskar mai suna Xfce a wancan lokacin. Daga wannan fushin ne aka haifi wasu fuskoki biyu, MATE da Cinnamon, waɗanda har yau suna nan suna riƙe da tsohon salo.

In ka kunna Plasma karo na farko, ba ka buƙatar ɗan jagora. Ga sanda a ƙasa, ga maɓallin fara aiki a hagu, ga agogo da alamar batir da ta intanet a dama. Kowace taga tana da maɓallanta uku na saukarwa da faɗaɗawa da rufewa. Kana iya zuba fayiloli a kan fuskar allo yadda ka saba. Har ma a Plasma 6, wadda ta fito a ranar 28 ga Fabrairun 2024, sun mayar da buɗe fayil ya zama da danna linzami sau biyu, alhali a da sau ɗaya ne a wurinsu, don kawai kada wanda ya taso daga Windows ya rikice. Sabon abin da ido zai fara gani shi ne sandar ƙasan ta ɗan ɗaga tana shawagi, ba ta manne da gefen allo ba, sai taga ta matso kusa da ita sannan ta zauna.

GNOME kuwa, in ka same ta yadda masu ita suka tsara ta, kamar a Fedora, ɗaya daga cikin nau'o'in Linux da ake saukewa, za ka ga fili ne fetal. Siririyar sanda a sama, agogo a tsakiya, ba sandar ƙasa, ba maɓallin saukar da taga, ba na faɗaɗa ta, sai na rufewa kaɗai. Tun 2018 suka cire damar ajiye fayil a kan fuskar allo. Mutum ya kan tsaya ya ce to ina komai ya tafi. Komai yana bayan maɓalli ɗaya, wanda ke ɗauke da tambarin Windows a kan kibod, da suke kira Super. Kana taɓa shi sai duk tagogin da ka buɗe su baje a gabanka kamar an shanya hatsi a tabarma, kowacce kana ganin abin da ke cikinta, manhajojin da ka fi so su fito a jere a ƙasa. In ka fara rubutu a wannan halin, ba tare da ka danna ko'ina ba, sai ta shiga nemo maka manhaja ko fayil ko wani saiti, har lissafi tana yi.

A nan ya kamata mai zaɓe ya daɗe yana tunani, domin nan ne zuciyar maganar. Masu GNOME suna ganin saukar da taga ɓoye shara ne a ƙarƙashin gado: ka tara abubuwa goma a sandar ƙasa, ka dawo kana lalube. Maimakon haka sai suka ce kowane aiki ka ba shi ɗakinsa. Rubutunka a fili na farko, burauza a na biyu, waƙa ko karatu a na uku. Ba sai ka ƙirƙiri filayen da kanka ba, kana jan taga zuwa na gaba wani sabo zai buɗe, kana kwashe kayan ciki ya rufe kansa. Tun GNOME 40, a Maris ɗin 2021, filayen suna jere ne daga hagu zuwa dama, kuma da yatsu uku a kan wurin shafa na kwamfutar tafi-da-gidanka kake zagaya su. Ka shafa gefe, ka koma ɗaki na gaba. Ka shafa sama, komai ya baje. Hoton yana bin yatsunka daidai gwargwadon saurinsu, in ka tsaya a rabi shi ma ya tsaya. Ni a nan GNOME ta saye ni. Bayan mako biyu hannuna ya daina neman sandar ƙasa gaba ɗaya, kuma na lura hankalina ya fi zama a kan abu ɗaya, don babu jerin alamomi a ƙasa suna kirana.

Sai dai wannan daɗin na mai kwamfutar tafi-da-gidanka ne. Ka ba mutum kwamfutar tebur da linzami kawai, rabin armashin ya tafi. Zai riƙa kai linzami can kusurwar sama ta hagu, ya dawo ƙasa ya zaɓi manhaja, tafiya mai nisa a kan abin da a Plasma dannawa ɗaya ce. In ba mai son taɓa kibod ba ne, zai gaji da wuri.

Plasma ma ta ɗauko wannan dabarar. Tun 2022 tana da nata bajewar tagogi, da maɓallin tambarin Windows haɗe da W, kuma tana gane shafar yatsu. Tana da KRunner, ɗan akwatin nema da ke saukowa in ka danna Alt da maɓallin tazara, wanda yake yin lissafi, yana canza mil zuwa kilomita, yana nemo taga a cikin waɗanda ka buɗe. Bambancin shi ne a Plasma waɗannan ƙari ne a kan tsohon gini, in ka ga dama ka yi shekara ba ka taɓa su ba. A GNOME su ne ginin kansa.

Wajen jera tagogi gefe da gefe, Plasma ta yi gaba nesa. Wanda ya taɓa Windows 11 ya san yadda in ka ɗora linzami a kan maɓallin faɗaɗa taga take nuna maka tsare-tsaren raba allo, kuma gaskiya wannan yana cikin abubuwa masu kyau da Microsoft ta kawo a 2021. GNOME da kanta rabi da rabi kawai ta iya, ɗaya a hagu ɗaya a dama. Plasma tana raba allo huɗu in ka ja taga zuwa kusurwa, kuma tun Plasma 5.27, a Fabrairun 2023, kana iya danna tambarin Windows da T ka yanka allon yadda kake so, babban fili a tsakiya da ƙanana a gefe, sannan ka riƙe Shift ka jefa kowace taga a gurbinta. Mai fassara da ke duba takarda biyu da ƙamus a lokaci guda, ko akawun da ke kwafe alƙaluma daga wannan shafi zuwa wancan, shi zai san darajar wannan.

A cikin manhajojin kansu ma ra'ayin bai canza ba. Tun wajen 2013 GNOME ta haɗe kan taga da sandar kayan aiki suka zama abu ɗaya, ta kwashe dogon jerin nan na File da Edit da View ta tura abin da ya rage cikin maɓalli mai layi uku, irin na waya. Daga GNOME 42, a 2022, manhajojinta suka koma kan wani tubali da ake kira libadwaita, wanda ya sa duk suka yi kama da juna kamar 'yan gida ɗaya, kuma in ka matse taga ta yi siriri sai kayan ciki su sake jeruwa da kansu. Kyau kam akwai shi. Ban san wata fuska a Linux da ta kai ta tsafta da daidaito ba. Kuɗin da ka biya shi ne, abin da suka ga ba ka buƙata ba za ka same shi ba, kuma in suka yi jinkiri sai ka jira. Misalin da aka fi bugawa da shi: akwatin zaɓen fayil, wanda ke fitowa in za ka ɗora hoto a wani shafi, bai iya nuna hotuna a jere manya-manya ba sai a GNOME 44, a 2023, alhali tun 2004 ake roƙon haka.

Dolphin, manhajar fayiloli ta KDE, ita kaɗai ta isa ta sa wani ya zaɓi Plasma. F3 ta raba tagar biyu, filashi a dama, kwamfuta a hagu, ka yi ta jan kaya. Ita ma yanzu da maɓalli mai layi uku take zuwa, amma Ctrl da M sun dawo maka da tsohon jerin umarni in shi ka fi so. Akwai kuma wata sabuwar dabara da nake ganin ta fi duk wani ado da ake ta yayatawa amfani: a yawancin manhajojin KDE, in ka danna Ctrl da Alt da I, sai akwati ya fito ka rubuta sunan abin da kake son yi, ba sai ka tuna a wane lungu aka ɓoye shi ba. LibreOffice ma, wato madadin Microsoft Office, ta samu irinsa tun 2021, da Shift da Esc. Apple ta fito da Liquid Glass a 2025, inda maɓallai da sanduna suka zama kamar gilashi ana hango abin da ke bayansu, abin da ya tuna wa mutane da yawa Aero na Windows Vista. Yana da ɗaukar ido, amma ni a ganina akwatin da zai nemo maka umarni cikin daƙiƙa biyu ya fi gilashi rage wa mai aiki wahala.

Yanzu ga inda kowacce take cizo.

A Plasma kusan komai yana sauyuwa. Sandar ƙasa tana komawa sama ko gefe, kana iya yin biyu, kana iya cire agogo ka sa wani iri. Wannan 'yancin yana da kaifi biyu. Na ɗora wa wata ƙanwata Plasma, malamar makaranta ce, tana shirya jarrabawar ɗalibai a kai. Wata rana da daddare ta kira ni muryarta na rawa.

"Yaya, komai ya ɓace. Ba agogo, ba inda zan danna, kuma gobe zan kai tambayoyin."

Na ce ta kwantar da hankalinta ta gaya mini abin da ya faru. Ashe ɗanta ne ya danna linzamin dama a kan sandar, ya shiga yanayin gyara, ya goge ta ɗungurungum. Plasma takan fito da ɗan saƙo na mayar da abin da aka goge, amma kafin ta dawo daga kicin ya wuce. Na ce ta danna dama a kan fili, ta shiga yanayin gyara, ta zaɓi ƙara sanda irin ta asali. Cikin minti biyu komai ya dawo, takardunta ko ɗaya bai taɓu ba. Amma na ji yadda ta tsorata, kuma na san da ba ta da wanda za ta kira, da washegari ta kai kwamfutar shago an mayar mata da tsohuwar Windows. A GNOME wannan ba zai faru ba, don babu sandar da yaro zai iya gogewa. Shafin saitin Plasma ma daji ne, ko da yake akwatin neman da ke samansa yana taimakawa sosai.

Cizon GNOME daban ne, kuma ya fi zuwa a hankali. Mutum ya ɗora ta, ya ga ba sandar ƙasa, sai a ce masa ai akwai ƙananan ƙari da ake sakawa. Ya saka na sanda, ya saka na fayil a fuskar allo, ya saka na alamomin manhajoji irin su Telegram a kusa da agogo, tunda GNOME ta cire wurinsu tun 2017. Sai ya ga ta zama yadda yake so. Matsalar ita ce GNOME tana fitar da sabon zubi duk wata shida, a Maris da Satumba, kuma waɗannan ƙarin mutane daban ne ke rubuta su, yawanci don sa kai. Kowane sabon zubi yana iya karya wasu. A GNOME 45, a Satumban 2023, an sauya yadda ake rubuta su baki ɗaya, sai da kowane ɗaya aka sake gyara shi kafin ya yi aiki. Don haka shawarar da nake bayarwa da ƙarfi ita ce, in ka san za ka cika GNOME da ƙari har ta koma kamar Windows, kada ka fara. Ɗauki Plasma, wadda dama haka aka gina ta. GNOME ta wanda ya yarda zai sauya al'adar hannunsa ce.

Ubuntu, wani nau'in Linux ɗin, ta tsaya a tsakiya. Tun da ta koma GNOME a 2017, takan zo da sandar manhajoji a gefen hagu, da maɓallin saukar da taga, da damar ajiye fayil a fuskar allo, kuma su suke kula da waɗannan ƙarin da kansu, don haka ba sa karyewa a hannunka. Ga wanda yake son ɗanɗana GNOME ba tare da ya faɗa ruwa tsundum ba, nan ne mashiga.

Akwai ƙananan abubuwa da suka shafe mu kai tsaye. Yawancin kwamfutocin hannu masu araha allonsu 1366 da 768 ne, kuma a irin wannan allon kawunan tagogin GNOME masu kauri suna cin wuri, yayin da a Plasma kana iya rage girman rubutu da sanda har ka samu sarari. A allo mai ƙananan rubutu kuma, inda kake son ƙara girma zuwa kashi 125 cikin ɗari, Plasma ta daɗe da saka wannan a fili, GNOME kuwa ta daɗe tana riƙe da shi a matsayin gwaji, Ubuntu ce ta fito da shi sarari. Wajen nauyi, tsohon zancen cewa KDE tana cin ƙwaƙwalwar kwamfuta ya samo asali ne daga zamanin KDE 4 na 2008, yanzu ba haka abin yake ba. A kwamfuta mai RAM 4GB burauza ce za ta fi wahalar da kai, ko wacce ka ɗora, kuma sauya tsohon faifan ajiya da SSD, sabon nau'i mai sauri, zai fi kowane zaɓen fuska tasiri. Dukansu suna bari ka shaida musu cewa intanet ɗin da kake kai na data ne mai ƙarewa, abin da ya kamata ka yi tun ranar farko in da wayarka kake haɗawa. Dukansu suna iya tsayar da caji kafin batir ya cika, a kwamfutar da ta yarda da haka, GNOME ta samu wannan a zubi na 48 a 2025. Ga mai barin kwamfuta a jone duk lokacin da aka kawo wuta, wannan yana ƙara wa batir kwana. Kuma a dukansu akwai tsarin kibod na Hausa a cikin saiti, na Najeriya da na Gana, don ƙ da ɗ da ɓ, haka ma na Larabci.

Haɗa waya da kwamfuta kuwa na KDE ne. KDE Connect tana tura fayil tsakanin wayar Android da kwamfuta in suna kan Wi-Fi ɗaya, ba kebul, ba cin data, tana nuna saƙonnin waya a allo, har ta mayar da wayar linzami. A GNOME ana samun irinta da sunan GSConnect, amma ƙari ce, da duk abin da na faɗa game da ƙari.

Kafin duk wannan, akwai tambayar da ta fi ƙarfin fuska. In abincinka yana cikin CorelDRAW ko Photoshop, kamar masu shagon buga kati da kalanda, babu ɗayansu da ke hawa Linux kai tsaye, haka ma Microsoft Office in ba ta cikin burauza ba. Irin wannan mutum gara ya nemi kwamfutar da za ta ɗauki Windows 11. Wanda aikinsa rubutu ne da bincike da imel da kallon darasi, LibreOffice da Firefox ko Chrome sun ishe shi.

Ga yadda nake raba su in an tambaye ni. Ɗalibi ko marubuci ko ɗan jarida mai kwamfutar tafi-da-gidanka, wanda shi kaɗai ke amfani da ita kuma zai iya haƙurin mako biyu, GNOME. Dattijo ko yaro da bai taɓa sabawa da Windows ba, wanda waya ce kwamfutarsa ta farko, shi ma GNOME, domin jerin manhajojinta da saitin gaggawa na kusurwar dama sun yi kama da abin da ya sani, kuma ba zai ɓata komai ba. Ma'aikacin ofis da ya shekara goma sha a kan Windows, mai kwamfutar tebur da linzami, mai yawo da fayiloli tsakanin filashi da folda, mai buɗe taga huɗu a lokaci guda, Plasma. Mai son ya kwance abu ya ga cikinsa, Plasma, zai same ta kamar an yi don shi.

Wajen saukewa a kula da abu ɗaya. Kubuntu 24.04, wato Ubuntu mai fuskar Plasma, da Plasma 5.27 take zuwa, ba ta 6 ba. Mai son sabuwar ya duba Fedora, wadda tun zubi na 42 a Afrilun 2025 ta ɗaga KDE zuwa matsayi ɗaya da GNOME, ko wani nau'in, Debian 13, da ta fito a Agustan 2025 ɗauke da GNOME 48 da Plasma 6.3. Kuma ba sai ka goge komai ba kafin ka gani da idonka. Samu filashi mai 16GB, ka sa masa Ventoy, manhajar da ke ba ka damar tayar da Linux fiye da ɗaya daga filashi guda, ka zuba duka biyun a ciki, ka tayar da kwamfutar daga kansa. Windows ɗinka tana nan ba abin da zai same ta. A kowacce ka yi ainihin aikin da kake yi kullum: buɗe takardar da kake kan rubutawa, ka kwafo hotuna daga waya, ka haɗa firinta, ka rubuta sakin layi ɗaya da ƙ da ɗ, ka duba ko Wi-Fi da sauti suna aiki. In kwamfutar ta gida ce, ka kira wanda zai fi zama a gabanta ya yi gwajin da hannunsa, kai ka koma gefe ka ga inda zai tsaya yana neman taimako.

Ƙanwar tawa har yanzu tana kan Plasma. Da na ce ko in sauya mata da GNOME tunda ba a iya goge sanda a can, sai ta ce a'a, ta riga ta saba da raba Dolphin biyu tana jan jarrabawa zuwa filashi. Abin da muka yi shi ne na buɗe wa yaron nasa asusun daban a kwamfutar, ita kuma ta sa wa nata kalmar sirri.